Arthur Ashe: Baƙar Fatan Da Ya Ɗauki Kofin Wimbledon Da Dabara

Tarihin da muka ɗauko muku a wannan karo na wani ɗan wasa ne baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, mai suna Arthur Ashe, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1993. Wasan da ya yi suna a cikinsa shi ne tanis, wato wasan nan da mutum biyu ke tsayawa ana raba su da raga a tsakiya, kowa da raket a hannu, suna buga wa juna ƴar ƙaramar ƙwallo. Abin da ya sa har gobe ba a manta da shi ba shi ne karon ƙarshe na gasar Wimbledon da aka yi a birnin Landan ranar Asabar 5 ga watan Yuli 1975, inda ya kayar da wani matashi da kowa ya ɗauka ba mai iya kayar da shi. Amma kafin mu zo kan wannan rana, bari mu soma daga tushe, domin abin da ya yi a filin nan tun yana yaro aka dasa masa shi.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Arthur Ashe ranar 10 ga watan Yuli 1943 a garin Richmond na jihar Birjiniya, a kudancin Amurka. A wancan zamani dokar wariyar launin fata na aiki a wannan yanki. Makarantar baƙi daban, ta farare daban, haka wurin zama cikin motar haya, haka filin wasan yara. Mahaifinsa shi ne mai gadi kuma mai kula da wani babban filin wasa da hukumar gari ta ware wa baƙar fata, ana ce masa Brook Field, kuma gidan da aka ba su yana cikin filin. Ke nan yaron ya buɗe ido ya tarar da filayen tanis guda 4 a ƙofar gidansu.

Yana da shekara 6 mahaifiyarsa Mattie ta rasu, cikin watan Maris 1950, sanadin wata matsala ta juna biyu, tana da shekara 27 kacal a duniya. Ta bar shi da ƙanensa Johnnie a hannun uba. Uban kuwa mutum ne mai tsanani. Ya hana yawon banza, ya hana rashin kunya, har sai da ya taka da ƙafarsa ya auna tsawon lokacin da ake yi daga makaranta zuwa gida, don kada yaron ya tsaya ko'ina a hanya. Da yake Arthur siriri ne ƙwarai, uban ya hana shi ƙwallon Amurka mai ture-ture da kokawa. Sai ya rungumi raket tun yana da shekara 7, wani ɗalibin jami'a mai suna Ron Charity ya soma koya masa.

Horon likita Johnson

Da Ron Charity ya ga yaron na da hannu, sai ya kai shi wurin wani likita baƙar fata mai suna Robert Walter Johnson a garin Lynchburg. Wannan likita ya gina filin tanis a gidansa, yana tara yaran baƙaƙe lokacin hutu, yana ci da su yana horar da su. Shi ne ya taimaki Althea Gibson, mace baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon a 1957. Daga 1953 har zuwa 1960 Arthur na zuwa wurinsa.

Likitan na da wata doka mai wuyar haɗiya. A gasar yara ba kullum ake samun alƙalin wasa ba, ƴan wasa su ke faɗin ko ƙwallo ta faɗa ciki ko waje. To ya umarci yaransa cewa duk ƙwallon da ta faɗi dab da layi, ko da ta ɗan fita, su bar wa abokin karawa. Kada su yi gardama, kada su jefar da raket, kada su nuna fushi. Dalilinsa shi ne masu shirya gasar farare ne, kuma da yawansu hujja kawai suke nema su ce yaran baƙaƙe ba su da tarbiyya, su rufe ƙofar baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san zafin a cuce ka kana gani kuma ka yi shiru. Haka Arthur ya tashi yana haɗiye wannan zafi, har ya zame masa jiki, ba ka gane fushinsa ko murnarsa a fuska.

A Richmond ba a yarda ya kara da yaran farare ba, kuma filayen da ke da rufi, waɗanda ake wasa cikinsu lokacin sanyi, an hana baƙi shiga. Saboda haka a 1960 ya koma garin St. Louis ya ƙarasa sakandare a can. Daga nan jami'ar UCLA ta jihar Kalifoniya ta ɗauke shi karatu kyauta saboda iya wasansa, ya fito da digiri kan harkar kasuwanci a 1966. Tun yana ɗalibi, a 1963, aka sa shi cikin ƴan wasan da ke wakiltar Amurka a gasar ƙasashe ta kofin Davis, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya samu wannan matsayi.

Ya ci gasa, wani ya kwashe kuɗin

Bayan karatu ya shiga aikin soja, lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Ƙanensa Johnnie, wanda shi ma soja ne kuma ya riga ya je fagen daga ya dawo, ya nemi a sake mayar da shi karo na biyu, domin ya san ba a cika tura ƴan'uwa biyu bakin daga lokaci guda ba. Da wannan sadaukarwa ta ƙane ne wan ya samu damar ci gaba da wasa.

A shekarar 1968 aka buɗe manyan gasannin tanis ga kowa, masu yi don kuɗi da masu yi don sha'awa. A gasar US Open ta farko da aka yi a Niyu Yok cikin watan Satumba na wannan shekara, Ashe ya kai ƙarshe, ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan. Ladan wanda ya zo na ɗaya dala dubu 14 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. Sai dai Ashe na cikin rajistar masu yi don sha'awa, ga shi kuma hafsan soja, doka ba ta ba shi damar karɓar ladan ba. Aka ɗauki kuɗin aka miƙa wa Okker da aka kayar, shi kuwa gwanin ya tashi da kuɗin guzuri, dala 20 a kowace rana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bai yi ƙorafi ba. Bayan ya bar soja ya shiga wasan kuɗi, kuma a 1970 ya ci babbar gasar ƙasar Ostareliya.

Wannan abu da ya same shi na cikin dalilan da suka sa ya damu da haƙƙin ƴan wasa. A 1972 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan wasan tanis maza ta duniya, wato ATP, kuma a 1974 aka zaɓe shi shugabanta.

Ashe da nahiyar Afirka

Ashe bai manta da inda kakanninsa suka fito ba. A 1970 ya zagaya wasu ƙasashen Afirka yana koya wa yara wasa, ciki har da Najeriya da Gana. A 1971 ya je birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, inda ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah yana buga ƙwallo da gwaninta. Ya ba shi raket, sannan ya yi wa shugabannin tanis na Faransa magana a kansa, aka ɗauke shi zuwa garin Nice don horo. Wannan yaro shi ne ya ci gasar Roland Garros a birnin Paris a 1983.

Ita kuwa Afirka ta Kudu, mai mulkin wariyar launin fata a lokacin, ta hana shi biza a 1969, ta sake hana shi a 1970. Bai gaji ba, ya yi ta nema yana kuma fallasa gwamnatin a idon duniya, har sai da ta ba shi a 1973. Ya gindaya sharaɗin kada a raba wurin zaman ƴan kallo tsakanin baƙi da farare a wasanninsa. Ya shiga unguwar Soweto ya gana da jama'a. Wasu ƴan gwagwarmaya na can sun ga laifinsa, a ganinsu zuwan nasa wanke gwamnatin wariya ne, kuma daga baya shi da kansa ya koma cikin masu kiran a ƙaurace wa ƙasar baki ɗaya. A wannan gasa ta Johannesburg ya kai ƙarshe, amma wani matashi ɗan ƙasarsu ya kayar da shi. Sunan matashin Jimmy Connors.

Rigimarsa da Connors

Connors bahago ne, mai zafin nama da zafin kai, yana buga ƙwallo kamar zai fasa ta. A 1974 ya ci uku daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya: Ostareliya, Wimbledon da US Open. Ta huɗun, wato ta Paris, hana shi shiga aka yi saboda wata kwangila da ya sa wa hannu da wasu masu shirya wasa a Amurka. Wannan ya sa shi da manajansa suka kai shugabannin ƙungiyar ATP ƙara gaban shari'a suna neman diyyar miliyoyin daloli. Bugu da ƙari, Connors ya ƙi buga wa ƙasarsa kofin Davis, Ashe kuma ya soki wannan hali a matsayin rashin kishin ƙasa. Ana gab da soma Wimbledon ta 1975 sai labari ya fito cewa Connors ya kai Ashe kansa ƙara kan ɓata suna. Ke nan mai ƙara da wanda ake ƙara ne suka shiga gasa ɗaya.

A nan ya kamata mu ɗan yi bayanin yadda ake lissafin wasan. Ana yin sa ne turmi-turmi. Wanda ya riga kai wasa 6 da ratar aƙalla 2 shi ya ci turmi, kuma a babbar gasa ta maza wanda ya riga cin turmi 3 cikin 5 shi ya yi nasara. To Connors ya ratsa abokan karawa 6 har ya kai ƙarshe ba tare da an ci shi ko turmi ɗaya ba. Shi kuwa Ashe da jan ciki ya kai: ya doke Bjorn Borg ɗan Suwidin, sannan ya sha da ƙyar a hannun Tony Roche ɗan Ostareliya bayan turmi 5. Connors na da shekara 22, shi ne na ɗaya a duniya, kuma kofin na hannunsa. Ashe saura kwana 5 ya cika 32, kuma a duk haɗuwar da suka yi a baya bai taɓa kayar da Connors ba. Masana da ƴan jarida sun gama yanke hukunci, wasu ma tausayin Ashe suke ji, kada a kunyata shi a bainar jama'a.

Ranar karon ƙarshe

Shi Ashe asalin wasansa na ƙarfi ne. Yana da bugun farko mai tsananin gudu, kuma da shi ya ci duk abin da ya ci a rayuwarsa. Amma ya kalli yadda Connors ya yi kaca-kaca da Roscoe Tanner, wanda ya fi kowa ƙarfin bugu, a wasan kusa da na ƙarshe. Sai ya gane cewa ƙarfin abokin karawa shi ne abincin Connors: iya ƙarfin da ka aika masa da ƙwallo, iya ƙarfin da za ta dawo maka. Daren jajibirin wasan ya zauna da aminansa, cikinsu har da lauyansa Donald Dell, suka yi shawara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Suka tsayar da cewa gobe ba za a ba Connors abin da yake so ba.

Da gari ya waye Ashe ya shigo fili sanye da rigar ƴan wasan kofin Davis mai ɗauke da sunan Amurka a ƙirji, kowa kuma ya gane inda saƙon ya nufa. Aka soma wasa. Maimakon ya buga da ƙarfi, sai ya riƙa yanko ƙwallo a hankali, tana tafiya ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, tana faɗawa gefen hannun hagun Connors inda ba ya jin daɗin ɗaukar ƙwallo mai taushi. Connors ya duƙa ya kai mata duka, sai ta faɗa raga ko ta wuce layi. In Ashe ne ke da bugun farko, sai ya karkata ta can gefe, ya fitar da Connors daga fili, sannan ya sa ta biyu a inda ba kowa. In Connors ya rugo gaban raga, sai ya ɗaga masa ita sama ta bi ta bisa kansa. Kafin ƴan kallo su farga, turmin farko ya tafi 6 da 1, na biyu ma 6 da 1.

Duk lokacin da aka zauna hutun sauya gefe, Ashe sai ya rufe ido ya yi tsit bisa kujera, kamar ba shi ne ke cikin wasan ba. Connors kuwa ba kanwar lasa ba ne. Ya yunƙuro ya ƙwace turmi na uku da 7 da 5, ya kuma shiga na huɗu da zafinsa har ya kai 3 da babu. A nan ne gwajin yake. Mutum in ya ga kasuwa ta juya masa baya, zuciya kan raya masa ya watsar da tsarinsa ya koma abin da ya saba. Ashe bai koma ba. Ya ci gaba da ba Connors ƙwallo mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, har ya cim masa, ya wuce shi, ya rufe turmin da 6 da 4.

Da aka tashi bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya juya wajen da mutanensa ke zaune ya ɗaga dunƙulallen hannu sau ɗaya. Ya karɓi kofi da ladan fam dubu 10 na Ingila, wannan karon kuɗin nasa ne. Ba a jima ba Connors ya janye ƙarar da ya shigar. Ashe ya zama namiji baƙar fata na farko da ya ci Wimbledon, kuma har aka cika shekara 50 da wannan rana a 2025 ba a samu na biyu ba.

Bayan Wimbledon

Watanni 7 bayan haka wasa ya kai shi Legas, cikin watan Fabrairu 1976. Ana cikin gasar ne aka kashe shugaban Najeriya Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga wata. Da aka koma wasa bayan ƴan kwanaki, Ashe na tsakiyar karawa da Jeff Borowiak sai sojoji ɗauke da bindigogi suka shigo fili suka kore su, har da sa masa bakin bindiga a baya. Ya ɗaga hannu ya fita a natse, daga baya aka fitar da ƴan wasan daga ƙasar lafiya.

A 1977 ya auri Jeanne Moutoussamy, mai sana'ar ɗaukar hoto, daga baya suka ɗauki ƴa mace riƙo. Cikin watan Yuli 1979, yana da shekara 36, ciwon zuciya ya buge shi, abin da ya ba kowa mamaki ganin irin lafiyar jikinsa. Aka yi masa aiki a zuciya a ƙarshen shekarar, a 1980 ya ajiye raket. Aka ba shi jagorancin ƴan wasan Amurka a kofin Davis, suka ɗauko shi a 1981 da 1982. Ya kuma shafe shekaru yana bincike, ya wallafa littafi mai juzu'i 3 kan tarihin ƴan wasa baƙar fata na Amurka a 1988. A 1985 ƴan sanda sun kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washinton, wurin zanga-zangar ƙin wariya.

Jarrabawa ta ƙarshe

A 1983 aka sake yi masa aikin zuciya, aka yi masa ƙarin jini don ya yi saurin murmurewa. A lokacin ba a soma awon jini don gano ƙwayar cutar sida ba, sai a 1985 aka fara. A 1988 hannunsa na dama ya saki, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, a nan aka gano yana ɗauke da cutar, kuma likitocinsa suka danganta ta da wancan ƙarin jini. Matarsa ba ta kamu ba.

Zamanin nan mai sida abin gudu ne, ana yi masa kallon mutumin banza tun ba a san yadda ya same ta ba. Ashe da matarsa suka rufe maganar, musamman don kare ƴarsu ƙarama. Fiye da shekara 3 aminai ƙalilan ne suka sani. Cikin watan Afrilu 1992 jaridar USA Today ta samu labarin ta tuntuɓe shi. Ganin asiri zai tonu ko ya so ko bai so ba, ranar 8 ga wata ya tara ƴan jarida ya faɗa da bakinsa, matarsa na gefensa. Bai ɓoye ɓacin ransa kan yadda aka tilasta masa ba, amma bai tsaya nan ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da sida, ya shiga wayar da kan jama'a kan hanyoyin kamuwa da ita da kuma illar ƙyamar masu ita. Cikin watan Satumba na shekarar aka sake kama shi a gaban fadar shugaban Amurka, yana zanga-zanga kan yadda ake korar ƴan gudun hijirar ƙasar Haiti. Ranar 1 ga Disamba 1992, ranar sida ta duniya, ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Arthur Ashe ya rasu ranar 6 ga watan Fabrairu 1993 a wani asibiti a Niyu Yok, sanadin ciwon huhu da sidar ta jawo, yana da shekara 49. Aka kai gawarsa Richmond, aka ajiye ta a fadar gwamnan jiha, dubban mutane suka bi layi suna yi masa ban kwana. Gwamnan lokacin, Douglas Wilder, shi ma baƙar fata ne. A 1996 garin da ya hana shi shiga filayen wasansa ya kafa masa mutum-mutumi bisa babban titin da aka jera gumakan jagororin kudu waɗanda suka yi yaƙin kare bauta. Tsakanin 2020 da 2021 aka tumɓuke waɗancan gumaka, nasa ya saura. A 1997 kuma aka buɗe babban filin gasar US Open da sunansa, mai ɗaukar mutum sama da dubu 23, wanda ya fi kowane filin tanis girma a duniya.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Yaron da aka koya wa barin ƙwallon da take tasa don kada a rufe wa na bayansa ƙofa, shi ne yau duk wanda zai ɗauki kofin Amurka, fari ko baƙi, sai ya shiga filin da ke ɗauke da sunansa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.